Dutsen da Na Kawo wa Yaya

Da bakinta yayar mijina ta roƙi dutse, a gaban mata, ni kuwa tun da aka kai ni gidansu ban taɓa hana dangin miji abin da suka roƙa ba. Shi ya sa na kawo mata.

Daga jikin firjinmu maganar ta samo asali. Maigidana, Allah ya hutar da ransa, ya yanko wani hoto daga tsohuwar kalanda ya manna a wurin da salatif. Hoton wata tsohuwar fada ce ta dutse a ƙasar Fotugal, tana zaune a kan tsauni, ganuwarta ta zube ta gefe guda, a ƙarƙashinta kuma ga gidaje maƙale a tsakanin manyan duwatsu. Mu duka biyu 'yan Filato ne, a cikin duwatsu aka binne cibiyarmu. Duk safiya in ya zo ɗaukar madara sai ya ƙwanƙwasa hoton da yatsa ya ce, "Dubi ƙauyenmu, gidan sarki kawai aka ƙara masa." Ni kuma in ce ya rufe mini firji, sanyi na fita.

Daga baya ya gano akwai masu shirya tafiya zuwa can, irin wadda ba a haɗa ka da ɗan jagora. Taswira suke sa maka a waya, su kama maka ɗaki a kowane ƙauye, mota ta riƙa kai akwatinka gaba, kai kuwa ka bi hanya da ƙafa daga wannan fada zuwa waccan. Ya ba da sunayenmu, muka fara gwaji. Duk Asabar ɗin da ba ni da aiki a asibiti, don ni nas ce, sai mu baro gidanmu na Germantown, nan Amurka, da sassafe mu je duwatsun Great Falls a bakin kogi, yana gaba da jakarsa ta goyo, ina biye ina mita. Ba wanda ya san zuciyarsa ta gaji. Wata safiya ya tafi ofis lafiya lau, da rana aka kira ni.

Da shekara ta zagayo, masu shirya tafiyar suka ce gurbinmu yana nan. Na daɗe a tsaye gaban firjin nan. Na ce zan je, ni kaɗai.

Majami'armu ƙarama ce, ɗakin ƙasa na wani coci muke aro a Takoma Park da yammacin Lahadi. A zumuntar mata ni ce mai tulu. Tulun ƙasa ne, ana ɗora shi a cinya a riƙa buga bakinsa da tafin hannu, kuma shi ke riƙe da waƙa, daga mai ganga har mai caki bayansa suke bi. Ni na taho da shi daga gida, naɗe cikin zannuwa, a kan cinyata ya yi tafiyar jirgi. Bayan rasuwar maigidana akwai makonnin da ba abin da ke fitar da ni daga ɗaki in ba aiki ba sai tulun nan. In na zauna na rungume shi na fara bugu, sai in ji ni mutum ce.

Yayar mijina kuwa a Springfield take zaune wurin ɗanta. Ba ta tuƙi. Da jirgin ƙasa take zuwa sujada, amma komawa aikina ne. Shekara da shekaru in an tashi sai in same ta tsaye jikin motata, in ɗauke ta in ƙetare kogi da ita har ƙofar gida, sannan in juyo in kamo doguwar hanyar Germantown. Ba ta taɓa tambaya ko ina da hali ba, ni ma ban taɓa cewa ba ni da shi ba. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini matarmu. Mace ce da ba ta faɗin magana a miƙe. In tana son yanka mutum, sai ta jira lokacin roƙon addu'a.

Ran nan uwar zumunta ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. Yaya ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta sa muryar nan tata mai kama da ta mai jin tausayi.

"Mu sa matarmu a addu'a," in ji ta. "Za ta bakeshan, yawon hutu ƙasar Turawa. Ta ce ba jagora, ba kowa, wai ita kaɗai za ta yi ta yawo a daji. To, ƙanena dai ƙasa ba ta gama kwanciya a kansa ba. Ubangiji shi ya san wanda zai riƙe mata jaka a can."

Amin ɗin da aka amsa a rarrabe ya fito. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka saci kallona. Yaya ba ta tsaya nan ba, da aka shafa sai ta juyo tana dariya, wai ita wasa take yi.

"Matarmu, kin baro duwatsu a gida kin tafi kallon na wasu. To in kin dawo kar ki manta da ni. Tsarabar dutse nake so, tunda shi kika ce za ki nema."

Aka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Lahadin da ta biyo, uwar zumunta ta ja ni gefe kusa da inda ake ajiye kujeru. Dattijuwa ce mai kirki, amma tana tsoron baki. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ba wai na yarda da abin da ake faɗa ba. Amma ki ɗan huta da tulu har ki je ki dawo, maganar ta kwanta." Ashe har akwai abin da ake faɗa. Aka ɗauki tuluna aka ɗora a cinyar wata da ke dukansa kamar tana kirɓa sakwara. Na zauna a layin baya ina tafi. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, ko a wurin aiki inda marasa lafiya ke zagina da yarensu. An ɓata mini suna, an taɓa mijina a kabari, an kuma raba ni da abu ɗaya da ya rage mini. Da aka tashi na tarar da Yaya jikin mota. Na kai ta har Springfield, tana ɓare gyaɗa tana zuba mini ɓawo a ƙasan kujera. A hanyar dawowa na sha alwashi sai na rama, ko da ban san ta yaya ba tukuna.

Ranar farko ta tafiya na san yadda zan rama. Na fito daga masauki da jakar maigidana a bayana, ba komai ciki sai ruwa da burodi da rigar ruwa. Ƙasar kuwa kamar yadda ya faɗa take. Duwatsu ne jibga-jibga, wani a kan wani kamar da gangan aka ɗora, ga 'yan gonaki a tsakaninsu, ga warin awaki. Ban yi nisa da ƙauyen ba na iso wani garke da aka kewaye da katangar duwatsu. Gefe guda ya rushe, wani dutse ya gangaro bakin hanya ya zauna cikin kashin awaki. Girmansa ya kai ƙaramar kabewa, baƙi-baƙi, mai kaushi. Na tsaya ina kallonsa, awakin suna kallona. Na ce a raina, Yaya, ga tsarabarki. Na goge shi da ciyawa na jefa a jaka.

Duk mai hankali zai ce me ya hana ni jira sai ranar ƙarshe in ɗauki wani, tunda ƙasar gaba ɗaya dutse ce. Ko kuma in sa shi a akwati mota ta kai mini. Na san da haka, ba wauta ce ta hana ni ba. Da yamma a masaukin gaba har na buɗe akwatin, sai maganarta ta dawo mini, wai Ubangiji ya san wanda zai riƙe mini jaka. Na mayar da dutsen inda yake na ja zif. Tunda jaka ce abin magana, to bari jakar ta yi nauyin da za a san an riƙe ta.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. A hawa dutsen yana ja na baya, a gangara yana tura ni gaba, in na yi tsalle a kan rafi ya daki ƙashin bayana. Na naɗe shi da rigar ruwa, bai hana ba. Kafin kwana uku igiyoyin jakar sun ci kafaɗuna, fata ta saɓule, gumi na shiga yana yi mini raɗaɗi. Amma duk inda ƙafa ta nemi gazawa sai in tuno muryar nan ta roƙon addu'a, in ji ƙarfi ya dawo. A kan hanya na shirya abin da zan faɗa mata ya fi sau ɗari. In ƙara, in rage, in gwada a kan tumaki. Wani wuri har na kama kaina ina nuna wa itacen zaitun yatsa.

Turawan da muke haɗuwa da su a hanya 'yan jakunkuna ne a bayansu kamar na 'yan makaranta, da sanduna bibbiyu, suna wuce ni suna murmushi. Ni ma in yi musu. Ba su san da abin da nake goye ba.

Fadojin kuwa na shiga kowacce da na tarar. Yawanci kango ne, ba rufi, ciyawa ta fito a tsakar gida, matakala ƙunci kamar ba don mutane aka yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne wasu ramuka da aka bari a saman ƙofa. Na karanta a allon da ke wurin cewa ta nan masu gida ke sako wa maƙiyi duwatsu a ka in ya zo shiga. Na leƙa ta ɗaya daga ciki, na ga daidai inda kan mutum zai kasance. Na ce lallai mutanen nan sun yi dangin miji.

A wani ƙauye tsohuwar da ke da masaukin ta zo taimaka mini sauke jaka. Ta kama da hannu ɗaya, jakar ta ja ta ƙasa. Ta buɗe bakin jakar, ta leƙa ciki, ta dube ni. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na nuna dutsen, na miƙa hannu biyu kamar mai ba da kyauta, sannan na murtuke fuska. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofa. Ta shiga ciki ta fito da man zaitun a ɗan kofi, ta zaunar da ni ta shafa mini a kafaɗu da hannunta. Da safe ita ta ɗaga mini jakar na sa hannu.

Fadar da ke jikin firji tana kusa da ƙarshen tafiyar. Tun daga nesa na gane ta, da ganuwar da ta zube ta gefe guda. Hawan ya yi tsayi, ta cikin gidajen nan da ke maƙale a duwatsu, wani gidan ma dutse ne rufinsa. Da na kai sama na sauke jakar na zauna a kan ganuwa. Iska na kaɗawa, ƙasa a shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Nan na yi kukan da ban yi ba a ranar biso, don a ranar ina ta fama da baƙi da abinci. Na yi kewar maigidana ba kaɗan ba. Na ce masa, ga ƙauyenku na zo, gidan sarkin ma duk ya rushe, kai kuma ka bar ni da 'yar'uwarka. Da na gaji na share fuska, na tsinci wata 'yar tsakuwa a bakin hanyar shiga, ba ta fi goro ba, fara mai ƙyalli. Na ƙulle ta a bakin hankici. Wannan tasa ce.

A wurin ne kaɗai na yi tunanin barin babban dutsen. Zuciyata ta yi sanyi, na ce me zan yi da wannan kaya. Har na fito da shi na ajiye a ƙasa. Sai na tuna da tuluna a cinyar mai kirɓa sakwara, da ni a layin baya ina tafi. Na mayar da shi jaka na goya.

Kafin in hau jirgi na wanke shi tas da burushi, don ba a shiga Amurka da ƙasar wani wuri, ba don Yaya ba. Sai da na bar takalma da wasu riguna kafin akwatin ya yi daidai da awo. Ma'aikacin filin jirgi ya buɗe, ya juya dutsen, ya tambaye ni na mene ne. Na ce tsaraba ce. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya rufe akwatin.

A gida na naɗe shi da takarda mai ruwan zinariya, na ɗaure da jan ƙyalle, na sa a jaka mai kyau irin ta kayan biki.

Ran Lahadi bayan sujada mata suka zauna taron zumunta. Da aka zo lokacin shaida na miƙe. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni. Na bi kowa da 'yar tsarabarta, wannan sabulu, wannan kifin gwangwani, uwar zumunta kuma ɗan mayafi. Yaya tana zaune a gaba tana bin hannuna da ido. Na bar ta sai ƙarshe. Na ɗauko jakar da hannu biyu, na je gabanta na rusuna yadda ake yi wa babba.

"Yaya, ga taki."

Ta ga takarda mai ƙyalli, ta ɗauka atamfa ce ko turare. Ta miƙo hannu ɗaya. Na saki. Jakar ta fizge ta har ɗankwalinta ya zame, ta tare da gwiwa da ƙyar.

"Buɗe mu gani! Buɗe mu gani!" in ji mata.

Ta warware ƙyallen, ta yage takardar. Dutse ya bayyana a cinyarta, baƙi, mai kaushi. Duk jawabin da na shirya wa tumaki ya gudu, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ya isa.

"Yaya, dutse kika roƙa a nan ɗakin, ga shi na kawo. Tun ranar farko na ɗauke shi, a bayana ya yi tafiyar gaba ɗaya. Kin kuma sa an yi addu'a a kan wanda zai riƙe mini jaka. To ga amsar addu'arki."

Tunda mu mata ne zalla, na ja wuyan rigata na buɗe kafaɗar dama, na buɗe ta hagu. Sawun igiya biyu ne, sun yi ɓawo, gefensu ja. Na juya a hankali don na baya su gani.

"Da da namiji na tafi, da a kafaɗarsa za ku ga wannan."

Wata tsohuwa 'yar Kaduna ce ta fara, ta ce "Kai!" ta tuntsire da dariya, sai ɗaki ya ɗauka. Wasu suna tafi, wasu suna zuwa ɗaga dutsen su ji nauyinsa su ajiye suna yarfe hannu. Uwar zumunta ba ta yi dariya ba. Ta zo ta duba kafaɗuna, ta gyara mini riga da kanta. Sannan ta je ta ɗauko tulu daga cinyar waccan ta kawo ta ɗora a tawa. Ta juya wurin Yaya ta ce, "An kawo miki tsaraba daga nesa. Ai sai ki yi godiya."

Yaya ta yi tsuru-tsuru. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ba mai ceto.

"Na gode, matarmu," in ji ta.

"Ba komai, Yaya. Kin fi ƙarfin haka."

Na buga tulu a ranar har tafin hannuna ya kumbura. Daɗin da na ji ba zan iya kwatanta shi ba, kuma ban nemi gafarar jinsa ba.

Da aka tashi rana ba ta faɗi ba tukuna. Na fito wurin fakin na same ta inda ta saba tsayawa, jikin motata, rungume da dutsen a ƙirji. Mata suna fitowa biyu-biyu suna tsayawa hira a bakin ƙofa. Na buɗe ƙofar ɓangarena. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Matarmu. Daga wurin nan ne? Wanda ke jikin firji? Ya sha nuna mini in na zo gidanku."

Na ɗago na dube ta. Idanunta irin nasa ne sak. Ita ta goye shi yana jariri, ta sha faɗa mini. Na ga yadda yatsunta ke shafa dutsen, na kuma gane abin da take nema. In na ce e, shi ke nan, abin da na kawo don ya ƙona ta ya zama abin tunawa da ƙanenta, ta kai shi ɗaki ta ajiye kusa da gado. Duk ɗawainiyar da kafaɗuna suka yi ta zama alheri gare ta. 'Yar farar tsakuwar tana cikin jakar hannuna, ƙulle a hankici.

"A'a, Yaya. Na can yana wurina. Wannan a garken awaki na tsince shi."

Hannunta ya tsaya.

"Kuma yau ba ta Springfield zan bi ba," na ce. "Jirgi yana nan."

Na shiga na tayar da mota. A madubi na hango ta ta kama hanyar tasha, tana tafiya a karkace, dutsen a hannu biyu. Akwai kwandon shara a bakin titi, ta ɗan rage tafiya a gabansa. Ta waiwaya, ta ga mata tsaye a ƙofar coci suna kallonta. Ta gyara riƙo ta wuce da shi.